'Yata ta fara al'ada da ciwon mara mai tsanani, hoto kuma ya nuna ƙullutu a gidan ƙwanta

Assalamu alaikum Anti. Ina da 'ya mai shekara 13, ita ce babba a ɗakina. Wata 9 ke nan da ta fara ganin al'ada. Karo uku na farko sun zo sun wuce lami lafiya, amma tun daga nan duk wata sai ta kwanta. Takan duƙunƙune a ƙasa, gwiwoyinta a ƙirji, tana gumi, wani lokaci har da amai, kuma sai ta yi kwana biyu ba ta je makaranta ba. A watan jiya na kai ta asibiti aka yi mata hoton ciki, aka ce akwai ƙullutu mai ruwa, santimita 4, a gidan ƙwanta na dama. Likita ya rubuta maganin ciwo, ya ce mu koma bayan mako 8 a sake hoto, idan kuma ciwon bai lafa ba zai ɗora ta a kan ƙwayoyin tsarin iyali. Mahaifinta ya ce sam ba za a ba 'yarsa wannan magani ba. Kakarta ta wajen uba ta ce raki ne kawai, kowace mace da haka ta girma. Ƙanwata kuma ta ce likitan sakaci yake yi, a nemi wanda zai yi aiki a cire abin tun bai zama ciwon daji ba. Ita yarinyar ta daina gaya mini komai, sai dai in ga ta shige ɗaki. Ba na iya barci. Shin wannan abu zai hana ta haihuwa nan gaba? Wa zan bi a cikinsu?

Daga wata uwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah Ya ba 'yarmu lafiya, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na kuma ji nauyin da ke kanki, domin mutum huɗu ne suka kewaye ki kowa da tasa magana, alhali idan dare ya raba ke kaɗai ce ke durƙusawa ki goge aman. Bari in fara da tambayar da ta hana ki barci. Ƙullutu mai ruwa zalla, na santimita 4, a jikin yarinyar da ba ta cika shekara da fara al'ada ba, ba ya hana haihuwa, kuma jira tare da sake hoto shi ne abin da likitocin mata suka saba yi a kansa. Likitan da ya duba ta shi za ki ci gaba da bi. Nawa shi ne in buɗe miki dalilin maganarsa, domin jiran da mutum ya san dalilinsa ya fi sauƙin ɗauka.

Kowace mace tana da gidan ƙwai biyu, ɗaya a daman mahaifa ɗaya a hagu, kowanne tsawonsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. Da ƙwayayenta aka haife ta, suna nan kwance har balaga ta tashe su. Daga nan, a kowane wata, ƙwai ɗaya yakan girma a cikin wata 'yar jaka mai ruwa, idan jakar ta kai wajen santimita 2 sai ta fashe ta sake shi. Wani lokaci jakar takan ƙi fashewa ta ci gaba da tara ruwa, wani lokaci kuma takan saki ƙwan sannan bakinta ya rufe, ruwa ko ɗan jini ya taru a ciki. Mafi yawan abin da hoto yake kamawa a kira shi ƙullutu a jikin 'yan mata, wannan jakar ce. A shekara 2 zuwa 3 na farkon al'ada, saƙon da ke kai-komo tsakanin ƙwaƙwalwa da gidan ƙwai bai gama daidaita ba, shi ya sa jinin yakan zo da wuri a wannan wata ya yi jinkiri a wancan (tazarar kwana 21 zuwa 45 duk lafiya ce a waɗannan shekaru), shi ya sa kuma jakar take yawan maƙalewa. Jiki ne ya yi ta, jiki ne kuma yake shanye ta, galibi cikin al'ada biyu ko uku. Mako 8 ɗin da aka ba ku, lokaci ne aka ba jikinta ya gama aikinsa.

Akwai wani abu da nake so ki riƙe da kyau, saboda kowa a gidanku ya zuba ido a kan ƙullutun ya manta da shi: da wuya a ce ƙullutun ne yake kwantar da ita duk wata. Dubi yadda kika kawo labarin da kanki. Al'adar farko ba ciwo, daga baya ciwo ya fara, yana zuwa tare da jinin, yana kwana biyu ya tafi. Wannan ita ce kamar ciwon mara da ke fitowa daga mahaifa. A watannin farko yawancin 'yan mata suna ganin jini ba tare da sun saki ƙwai ba, shi ya sa ba sa jin komai. Da zarar sakin ƙwai ya kankama, shimfiɗar cikin mahaifa takan fitar da wani sinadari, furostagilandin, wanda ke sa mahaifa ta riƙa matsewa domin ta turo jinin waje. Idan sinadarin ya yi yawa, mahaifa takan matse har jini ya ragu a naman jikinta, shi ne murɗar nan da ke sa yarinya ta haɗa gwiwa da ƙirji. Shi ne kuma yake taɓa hanji ya kawo amai da gudawa, ya kawo ciwon kai da ciwon baya. Ma'anar wannan ita ce, ko gobe aka wayi gari ƙullutun ya ɓace, ciwon watan zai iya dawowa, saboda haka shi ma yana buƙatar nasa magani, kuma yana da shi.

Magungunan ciwo irin su ibufurofen da mefenamik asid da nafurokzen suna hana jiki ƙera wannan sinadari, amma ba sa kwashe wanda ya riga ya fita. A nan ne iyaye da yawa suke kuskure ba da saninsu ba: sai yarinya ta kai ga kuka sannan a miƙa mata ƙwaya ɗaya, idan ba ta yi aiki ba a ce maganin ba shi da ƙarfi. Yadda ya kamata shi ne ta fara sha da ɗigon jini na farko ko murɗar farko, ko ma kwana ɗaya kafin ranar da ake sa ran zuwansa, ta ci gaba a kan lokutan da likita ya tsara har kwana biyu ko uku, ko da ciwon ya lafa a tsakani, kuma kullum bayan ta ci abinci. Kada a haɗa mata iri biyu daga cikin waɗannan a lokaci guda. Idan tana da gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko asma da irin waɗannan magunguna ke tayarwa, ki sanar da likita ya sauya mata. Ki haɗa da ɗumi: ki zuba ruwan zafi a roba mai murfi, ki naɗe ta da tawul, ki ɗora mata a mara. Abu ne mai sauƙi amma yana aiki sosai. Ina kuma roƙonki, komai tsananin ciwon, kada ki yarda a saba mata da allurar kashe ciwo mai sa maye ko tiramadol ko kodin. Ciwon da ke dawowa duk wata hanya ce mai sauƙi ta kamuwa da su, kuma fita daga cikinsu ya fi ciwon marar wuya.

Yanzu ga wurin da nake so ki tattara hankalinki duka, domin jira yana da iyaka. Gidan ƙwai a rataye yake da jijiyoyin da ke kai masa jini. Idan ƙullutu ya ƙara masa nauyi, yana iya juyawa ya murɗe a kan jijiyoyin nan, kamar yadda ake murɗe tsumma a matse ruwa, sai jini ya daina isa gare shi. An fi ganin haka idan ƙullutun ya kai santimita 5 ko ya wuce, an fi ganinsa a ɓangaren dama, amma yana iya faruwa da ƙarami. Alamarsa ciwo ne mai zuwa farat ɗaya, a gefe guda na mara, mai tsananin da yarinyar za ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba, tare da tashin zuciya da amai, kuma ba ruwansa da ko tana al'ada ko ba ta yi. Wannan ba a kwana da shi a gida. Ko tsakar dare ne, ki ɗauke ta zuwa asibitin da ake tiyata, ki riƙe takardar hoton a hannunki, ki faɗa tun daga bakin ƙofa cewa tana da ƙullutu a gidan ƙwai na dama. Kada ki ba ta abinci ko abin sha a hanya, saboda ana iya bukatar shiga da ita aiki. Haka za ki yi idan ta suma, ko ta yi fari fat tana jiri da gumi mai sanyi, ko ciwon ya haura har kafaɗa, domin ƙullutu yana iya fashewa ya zubar da jini a cikin ciki. Haka nan idan zazzaɓi ya haɗu da ciwon gefen dama, domin afendis, wato ɗan ƙaramin reshen hanji da kan kumbura, shi ma a nan yake zaune, kuma ba a iya bambance su a gida.

Na taɓa kwana a gefen gadon 'yar wata aminiyata, yarinya mai shekara 14. Ciwo ya tashe ta cikin dare, ta yi amai sau uku, tana dafe da gefen damanta ta kasa miƙewa tsaye. Kafin gari ya waye ciwon ya lafa, har ta nemi abin karyawa, kowa ya ce an samu sauƙi. Washegari da yamma ya dawo fiye da na farko. Da aka shiga da ita aka tarar gidan ƙwan ya murɗe, ya kumbura ya yi baƙi. Allah Ya taimaka likitan ya warware shi ya bar mata abinta, bayan 'yan watanni hoto ya nuna ya farfaɗo yana aiki. Abin da ban manta ba shi ne lafawar nan ta safe, yadda ta yaudare mu duka. Gidan ƙwai yakan murɗe ya ɗan warware ya sake murɗewa, saboda haka sauƙin da ya biyo bayan irin wannan ciwo ba dalilin fasa zuwa asibiti ba ne. Ko hoto ma wani lokaci yakan nuna jini yana gudana alhali murɗewar tana nan, shi ya sa likita mai lura yake ba labarin yarinyar muhimmanci kamar yadda yake ba hoto.

Idan mako 8 sun cika, ki yi ƙoƙari ranar hoton ta faɗo 'yan kwanaki bayan ta yi wankan al'ada, domin a lokacin sabuwar jakar wata ba ta girma ba balle a ɗauke ta a matsayin tsohuwar. Za a ce ta sha ruwa sosai ta riƙe fitsari, saboda cikakkiyar mafitsara ita ke buɗe wa na'urar hanya. Za a shafa mata wani mai mai sanyi a mara, a ɗora na'urar a kan fata, ba a saka wa yarinya irinta komai ta gaba. Ki gaya mata wannan tun a gida, domin tsoron abin da ba ta sani ba yana iya fin ciwon damunta. Idan aka ce ƙullutun ya ɓace ko ya ragu, an gama da shi. Idan yana nan ko ya ƙaru, ki tambayi likita kai tsaye: ruwa ne zalla a ciki, ko akwai nama? Akwai wani nau'i da ake kira damoyid, wanda ke ɗauke da kitse da gashi, wani lokaci har da haƙori. Jinsa yana tayar da hankali, amma ba ciwon daji ba ne, sai dai ba ya tafiya da kansa, galibi cire shi ake yi. Idan har magana ta kai ga aiki, tambayar da za ki riƙe ita ce: za a ɓare ƙullutun a bar mata gidan ƙwan? A jikin yarinya wannan shi ne abin da ake nufa matuƙar ba a zargin ciwon daji, kuma a wurare da dama ana yinsa ta ƙananan huda da kyamara ba tare da an yi dogon yanka ba. Ko da ƙaddara ta sa mace ta rasa gidan ƙwai ɗaya, ɗayan yana isarta al'ada da haihuwa.

Ƙanwarki ƙauna ce ta sa ta magana, amma a wannan karon ban goyi bayanta ba. Ciwon daji na gidan ƙwai ba kasafai ake samunsa a waɗannan shekaru ba, kuma kamarsa a hoto daban take: nama a ciki, bango mai kauri, ɗakuna-ɗakuna, ga kuma gwaje-gwajen jini da ake yi idan an yi zargi. Jakar ruwa ta wata-wata ba ta rikiɗewa ta zama shi. Aikin da ba dole ba kuwa yana da nasa hasara, domin wuƙa takan tafi da lafiyayyen nama tare da ƙullutun, tabon da ya biyo baya kuma yana iya manne hanyar ƙwai, wato abin da ake gudu shi za a jawo. Idan hankalinta ya ƙi kwanciya, ku kai takardar hoton wurin wani likitan mata ku ji ta bakinsa. Wannan haƙƙinku ne, kuma ba cin fuska ba ne ga likitan farko.

Shi kuwa mahaifinta, kada ki ɗauki maganarsa a matsayin rashin tausayi. Sunan maganin ne ya firgita shi, kuma uba da yawa haka za su ji. Abin da ke cikin ƙwayoyin nan sinadarai ne masu kama da waɗanda gidan ƙwai yake fitarwa da kansa. Suna hutar da gidan ƙwai daga sakin ƙwai, suna rage kaurin shimfiɗar mahaifa, sai jinin ya ragu, ciwon ma ya ragu. Ba sa narkar da ƙullutun da ya riga ya fito, amma suna iya rage fitowar sababbi, kuma idan aka daina sha jiki yakan koma aikinsa, ba sa barin rashin haihuwa a baya. Ba kowa ake ba wa ba: wadda ke da hawan jini, ko ta taɓa samun gudan jini a jijiya, ko take da ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, ana nema mata wata hanya. Shawarata ita ce kada ki ja da shi a kan abin da lokacinsa bai zo ba. Ki ce masa za ku ba maganin ciwo cikakkiyar dama na wata uku, a sha shi yadda ya kamata, wataƙila ma ba za a kai ga ƙwayoyin ba. Sannan ki roƙe shi ya raka ku ranar hoto na biyu ya yi wa likita tambayoyinsa da bakinsa, domin abin da ya ji da kunnensa zai fi zama masa fiye da saƙon da kika kawo. Idan kuma bai taɓa ganin yarinyar a daren ciwonta ba, ki tashe shi sau ɗaya ya gani.

Kaka tana da gaskiya a rabin maganarta, mata da yawa da ciwon mara suka girma, wataƙila ita ma ta sha shi ba wanda ya tausaya mata. Amma ciwon da ke sa amai ya hana karatu kwana biyu duk wata ya wuce a ce a daure. Ba sai kin yi gardama da ita ba. Ki nemi taimakonta cikin ladabi, ki gaya mata alamomin nan na gaggawa, ki ce likita ya ce duk babban da ke gidan ya san su. Wata rana tana iya zama ita kaɗai ce tare da yarinyar. Ki kuma roƙe ta kada a danna cikin da ƙarfi, kada a ba ta wani haɗi da ba a san abin da ke cikinsa ba.

Idan an yi wata uku zuwa shida ana magani yadda ya dace amma ciwon yana nan daram, ko ya fara zuwa har a ranakun da ba ta al'ada, ko tana jinsa wajen bayan gida, ki koma ki nemi a zurfafa bincike. Akwai cutar endometiriyosis, inda nama mai kama da shimfiɗar mahaifa yake tsirowa a wajenta. Tana kama 'yan mata tun suna ƙanana, kuma sau da yawa hoto ba ya nuna ta, shi ya sa mata suke shafe shekaru ana ce musu ba komai. Akwai kuma waɗanda aka haifa da toshewa a wani sashe na mahaifa ko na farji, jini yana fita ta gefe ɗaya yana taruwa a ɗayan. Ki lura da yawan jinin ma: idan yana wuce kwana 7, ko tana sauya audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, a auna jininta.

Na bar maganar yarinyar zuwa nan ne da gangan, domin shirunta ya fi komai damuna a wasiƙarki. Yarinya ce mai shekara 13 da ta ji ana ambaton ciwon daji da aiki da rashin haihuwa a kanta, ta ji an ce raki take yi, ta ga iyayenta sun saɓa saboda ita, kuma ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani. Dole ta shige ɗaki. Haɗarin shi ne, ranar da ciwon gaggawa zai zo, ita kaɗai ce za ta fara sani, kuma yarinyar da aka koya wa ɓoye ciwo ba za ta tashe ki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki same ta ku biyu, a lokacin da ba ta cikin ciwo, ki ce mata kin yarda ciwonta gaskiya ne, ba laifinta ba ne, abin da aka gani a hoto jakar ruwa ce da jiki yake shanyewa, kuma ko ƙarfe nawa ne ta ji wani sabon ciwo ta tashe ki, ba za ki yi faɗa ba. Ki ba ta ƙaramin littafi ta riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, inda ciwon yake, ƙarfinsa daga 1 zuwa 10, da lokacin da ta sha magani. Shafi uku na wannan littafi za su taimaki likita ƙwarai, ita kuma za ta ji tana da hannu a lafiyarta.

A asibiti ki bar ta ta amsa tambayoyi da bakinta, idan likita ya nemi ganinta ita kaɗai na 'yan mintoci tare da ma'aikaciyar jinya, ki ba su wuri. Ki kuma shirya zuciyarki, ki shirya tata: duk macen da ta fara al'ada ta je da ciwon mara mai tsanani, ana iya yi mata gwajin juna biyu. Ƙa'idar aiki ce da ake bi a kan kowa, ba zargin tarbiyyarki ba ne, ba kuma zarginta ba ne. Ki sanar da malamarta ta makaranta a asirce, domin a bar ta ta sha maganinta a kan lokaci, a kuma kira ki nan take idan ta yi ciwon da ya fi na kullum.

A daren yau ki ajiye takardar hoton a jakar da za ki iya ɗauka ko cikin duhu, ku kuma yanke da mahaifinta asibitin da za ku nufa da abin da zai kai ku idan buƙata ta taso. Bayan haka ki kwanta ki yi barci, domin ita ma fuskarki take dubawa ta gane ko abin nata babba ne. Idan sakamakon hoto na biyu ya fito, ki rubuto mini ki haɗa da abin da ta rubuta a littafinta. Allah Ya ba ta lafiya mai ɗorewa, Ya raya miki ita.